Bindigar da Baba ya bari: ta zamanin Jamus ce, kuma nawa za a yi mata ƙima?

Ɗan Garwa:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bayan babbar salla, yanzu ana shirin rabon gado, kuma abin da ya tsayar da mu bindigarsa ce. A ƙuruciyarsa mai bin sawu ne ga wani Bafaranshe da ke kawo baƙi farauta a dajin Binuwai, nan arewacin Kamaru, kuma shi ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Amma yayana ya dage cewa ta girmi haka, wai tun yaƙin da aka yi da Jamusawa a Garwa take, don haka kuɗinta ya kai na fili.

Ga kamanninta. Mai sakata ce, ana ɗaga hannun a ja baya a tura. Kunamarta biyu. A gefen hagu an rubuta Mauser-Werke A.G. Oberndorf a/N, a jikin bututun kuma 9,3x62. Akwai ƙananan tambura masu kambin sarauta a kan haruffan B, U da G. Ƙotar ta tsage wajen mariƙi, Baba ya ɗaure ta da ɗanyar fata ta bushe a kai. Wani ya riga ya yi tayin jaka ɗari uku. Ni ba sayarwa nake so ba, so nake a saka mini ita a cikin rabona, amma ba na son in ci haƙƙin ƙannena mata ko na sisi ne. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Malam Na Marwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, rubutun da ka kwafo ya riga ya raba gardamar. Garwa ta faɗi hannun Ingilishi da Faransawa a watan Yunin 1915, sansanin Jamus na ƙarshe a dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. A lokacin sunan da ake bugawa a jikin bindigogin kamfanin shi ne Waffenfabrik Mauser. Sai a 1922 ya koma Mauser-Werke. Tamburan kambin nan na B, U da G kuwa alamun gwajin ƙarfi ne na Jamus, an daina amfani da su wajen 1939, aka koma tambarin gaggafa. Ka ga ke nan an ƙera ta tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Ba ta ga yaƙin Garwa ba.

Kada wannan ya sa yayanka ya raina ta. Ba bindigar soja ba ce da aka yanke aka mayar ta ta farauta, irin waɗanda suka cika ko'ina. Tun daga masana'anta don farauta aka yi ta. Harsashin 9,3x62 wani maƙerin bindiga na Berlin mai suna Otto Bock ya fito da shi a 1905, saboda Jamusawan da ke zaune a Afirka masu neman abin da zai kayar da ɓauna kuma ya shiga cikin Mauser ta yau da kullum. Nauyin kan harsashin ya kai giram 18,5. Kunama biyun nan ma alama ce: ta baya ake fara ja don a ɗana, sannan ta gaba ta tashi da ɗan taɓawa kaɗan.

Ka duba mini abu guda. Lambar da ke jikin bindigar ita ce a hannun sakatar? A kan ƙananan sassa sukan buga lambobi biyu na ƙarshe. In duk sun dace, ba a taɓa yi mata musanye ba, kuma masu tara irin waɗannan kayan a nan suke fara kallo. Sannan ka zare sakatar ka ɗaga bututun saitin rana ka leƙa. Harsasan zamanin da akwai gishiri a cikin abin tayar da wutarsu, in ba a wanke ba yakan cinye cikin bututu.

Maharbin Njamena:

Allah ya gafarta masa. Da na ga ka ce Bafaranshe na ɗauka MAS 36 ce, bindigar sojan Faransa, don ita ta fi yawa a wajenmu: gajera, hannun sakatarta ya lanƙwasa gaba, ba ta da makullin tsaro. Taka ba ita ba ce. Roƙona ɗaya: kada ka bari a goge ta da sanfefa, kada a yi mata fenti, kada kafinta ya sake ƙotar. Mai kaɗan da tsumma ya isa. Kuma kada wani ya ce bari ya gwada harbi da ita alhali ƙotar a tsage take, bugunta ba na wasa ba ne.

Hajiya Ta Ngaundere:

Ɗana, kowa na maganar ƙarfe, ba wanda ya tambayi takarda. Izinin riƙe bindiga na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa kamar gona. Dokar makamai ta Kamaru ta Disamban 2016 ba ta da sassauci, balle a arewa da halin da ake ciki. Mai tayin jaka ɗari ukun nan yana da izinin saye? In babu, kada ku ko saurare shi. Ku kwashi takardun Baba da shaidar rasuwarsa ku je wurin hukuma ku bayyana ta tun kafin a zauna rabo. Kuɗin da ake ji ana sayar da irinta a Turai ba shi ne ƙimarta a Garwa ba, domin ku ba ku da hanyar kai ta can, masu izinin sayenta a nan kuma 'yan kaɗan ne.

Ɗan Garwa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, na duba. Lambar sakata ta dace da ta jiki, har ta murfin ƙasan gidan harsashi ma. Cikin bututun ya yi duhu kusa da baki amma layukan da aka sassaƙa a cikinsa suna nan a fili. Hajiya, takardar tana cikin akwatin Baba da sunansa, sai dai ta daɗe ba a sabunta ba. Na karanta wa yayana maganar 1922, ya yi shiru, ya ce to a nemi wanda zai yi ƙima. Wa ya kamata mu kira?

Malam Na Marwa:

Bayan kun gama da hukuma, ku nemi mutum biyu waɗanda ba sa son sayenta: mai shagon makamai da ke da izini, da ɗaya daga cikin masu jagorantar farauta na yankin Faro ko Buba Njidda, su ne ke riƙe da irin wannan harsashin. Kowa ya faɗi nasa a gaban magada da malamin da zai yi rabon. Tunda kai ne mai ɗauka, ka karɓa a kan wanda ya fi tsada daga cikin biyun. Fatar da Baba ya ɗaura kuma ka bar ta a wurin har su gani.