Tsofaffin histon: zubarwa ake yi ko rabon gado?

Nura: Jama'a, ni fa har yanzu ban gamsu da cewa ana raba wa sababbin ƙwayoyi tsofaffin histon ba. Kafin ƙwayar halitta ta rabu biyu dole ta kwafi DNA ɗinta, kuma injin kwafin ba ya wucewa sai an kwance zaren daga jikin histon, wato furotin ɗin da zaren DNA yake nannaɗe a jikinsu. To abin da aka kwance aka watsar, wa zai tsince shi? A ganina tsofaffin zubarwa ake yi. Shi ya sa ma a daidai lokacin kwafin ƙwayar take ƙera sababbi ba ƙaƙƙautawa.

Hadiza: Zare ya zama biyu, ai dole a ƙaro kwarkwaro. Kowane ƙulli histon takwas ne, H2A da H2B da H3 da H4 bibbiyu, ga harufan DNA wajen 147 nannaɗe a jikinsu. Tsofaffin su rufe rabi, sababbin su cike sauran. Wa zai zubar da kayan hannunsa ya koma kasuwa?

Nura: Wannan lissafin 'yan kasuwa ne, Hadiza. Hujja nake nema.

Malam Bello: Yana da gaskiya da ya nemi hujja, kuma akwai ta. A 2018 ɗakin binciken Anja Groth a ƙasar Denmak ya yi aiki a kan MCM2, wani ɓangare na injin da ke tsaga zaren DNA gida biyu. Wannan furotin yana da wurin da yake damƙe tsofaffin H3 da H4. Da suka lalata wurin, sai rabon ya karkace: tsofaffin suka taru a zaren da ake kwafa a miƙe, wanda ake kwafa gunduwa-gunduwa ya tashi da kaɗan. A shekarar dai, su Zhiguo Zhang a Amurka suka gano a jikin yis, ƙwayar da ke kumbura burodi, cewa shi ma zaren miƙaƙƙen yana da nasa masu miƙa masa. Abin da ake zubarwa ba a naɗa masa masu rabo, Nura.

Hadiza: Sababbin kuma fa, Malam? Kansu suke kai kansu?

Malam Bello: Ina! Histon na manne wa DNA kamar ƙaya, in aka bar su ba mai rakiya cukurkuɗewa za su yi. Wani furotin mai suna ASF1 ke riƙo sababbin H3 da H4 ya miƙa wa wani mai suna CAF-1, wanda su Bruce Stillman suka gano a 1989. Shi kuma CAF-1 yana rataye ne a jikin PCNA, zoben da ke zamewa a kan zaren tare da injin kwafi, don haka zare na fitowa ana ɗora masa. H3 da H4 ke fara zama, H2A da H2B su biyo baya su rufe.

Nura: To na janye maganar zubarwa. Amma ga inda nake son zuwa. Ana cewa alamomin sinadarai da ke jikin histon su ke tuna wa ƙwayar hanta cewa ita hanta ce. In kowane kwafi rabi sababbi ne marasa alamar, bayan kwafi 10 saura kashi 1 cikin 1024. Kunun da ake ta ƙara wa ruwa ai ya daina zama kunu.

Hadiza: Sai dai in ba a ƙara gari. Wani gungun furotin mai suna PRC2 yana gane alamar da ke kan laisin na 27, wato wani gurbi a jikin tsohon H3, ya buga irinta a kan sabon da ke maƙwabtaka. Tsohon ne samfuri.

Malam Bello: Haka ne, amma kada mu zaƙe. Cikewar tana da jinkiri, takan ja har zuwa zagaye na gaba. Kuma an fi ganin wannan a alamomin rufe ƙwayoyin gado. Wasu alamomin, musamman na sinadarin asetil, ana sawa ana gogewa cikin ɗan lokaci. Nura bai faɗi ƙasa warwas ba.

Usman: Yanzu na shigo. Ke nan yunwar da kakana ya sha tana rubuce a histon ɗina?

Malam Bello: Usman, ka tsallake rijiya da yawa. Muna maganar ƙwaya da 'yarta a jiki ɗaya ne. Tsakanin uba da ɗa labarin daban: a maniyyin mutum ana cire galibin histon, a sa wani furotin mai suna furotamin a madadinsu.

Usman: Galibi kika ce, wato ba duka ba.

Hadiza: Malam ne ya faɗa, ba ni ba. Kuma ragowar kaɗan ba ta isa ka ɗora wa kakanka laifin cin tuwonka ba.

Nura: Ni dai H2A da H2B nake jira a ba ni labarinsu. Duk hujjar da aka kawo ta H3 da H4 ce.

Malam Bello: Su sun fi yawan sauka da hawa, ko ba a kwafi. An kira sallah, mu ɗora bayan isha'i.