Shin da gaske rundunar Sarki Zaksis ta kai miliyan 1.7?

Ɗalibi a Madina: Assalamu alaikum, malamai. Hirodotus, marubucin tarihi na tsohuwar Girka, ya rubuta cewa dakarun ƙasa da Sarki Zaksis na Farisa ya kawo Girka a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sun kai 1,700,000, ban da jiragen yaƙi 1,207. Shin masana sun yarda da wannan adadi?

Mazaunin Makka: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mafi yawansu ba su yarda ba, kuma hujjarsu ita ce ruwa da abinci. Alhazan 2024 sun kai kusan miliyan 1.8, kuma duk wanda ya ga tankokin ruwa da motocin abinci da ke shiga Mina dare da rana don kwanaki kaɗan ya san cewa jakuna da raƙuma ba za su ciyar da irin wannan taro tsawon watanni ba. Shi kansa Hirodotus ya ce rundunar ta shanye koguna.

Malami a Jidda: Yadda aka yi ƙirgen ma abin dubawa ne. Hirodotus ya ce a Doriskus, wani wuri da ke kan hanyar rundunar zuwa Girka, aka cusa mutum 10,000 wuri guda, aka kewaye filin da katanga, sannan aka riƙa cika shi har sau 170, wanda hanya ce da kuskure ke saurin shiga. Lissafinsa na Girkawa ya fi kama hankali, domin ya lissafa sojoji masu manyan makamai 38,700, gari bayan gari, a yaƙin Filatiya da Girkawa suka yi da Farisawa a shekarar 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ɗalibi a Madina: Allah Ya ƙara ilimi, Malam. Zan duba lissafin Filatiyar.