Neman suna: akwatin da ke kai dish ɗaya ɗakuna da yawa

Mai Dish, Mabera:
Assalamu alaikum. Masu haɗa dish a nan Sakkwato na kiran na'urori biyu da suna ɗaya, sifilita, alhali aikinsu ya sha bamban. Ɗaya ɗan ƙarfe ne mai bakin shiga ɗaya da na fita biyu ko huɗu. Ɗayar kuwa akwati ce da ake rubuta Multiswitch a jikinta, mai bakin shiga biyar da na fita takwas ko fiye. Tunda sunan ɗaya ne, sai maigida ya aiki yaro kasuwa ya sayo mai arahar, a haɗa, rigima ta tashi tsakanin ɗakuna. Muna son kowace ta samu sunanta na Hausa, wanda za a iya rubutawa a takardar lissafin kaya.

Injiniya, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna a san halin yaron tukuna. Idon da ke bakin dish, wato LNB, ba shi turo tashoshi duka a lokaci guda. Kashi huɗu anka yi musu: na tsaye da na kwance, kowane kuma da zangon ƙasa da zangon sama. Risiba ita ka faɗa wa ido kashin da take so, ta cikin wayar nan guda. In ta tura bolt 13, ido shi ba ta na tsaye. In ta tura bolt 18, shi ba ta na kwance. In ta haɗa da wani sauti na kilohaz 22, shi koma zangon sama.

To ka sa sifilita, risiba biyu na ba ido guda umurni. Ta falo na son bolt 13, ta ɗakin uwargida ta tura 18. Mai 18 ita ka rinjaye, falo shi ga tashar tai ta ɗauke, kuma ba abin da ya lalace. Shi ya sa za ka ji ana cewa da rana lafiya lau, da dare in kowa ya kunna sai wasu tashoshi su ɓace. Ga kuma ragin ƙarfi: mai baki biyu na cin kusan dB 4 a ma'aunin ƙarfin sigina, mai huɗu 7 zuwa 8.

Akwatin ba haka take ba. Ana sa mata ido na musamman da ake rubuta Quattro a kwalinsa, mai baki huɗu, kowane baki na fitar da kashi ɗaya koyaushe. Wayoyi huɗu su sauko cikin akwati, ita kuma ta saurari kowace risiba ta miƙa mata kashin da ta nema. Ba wanda ka taka wani.

Malamin Hausa, Runjin Sambo:
Madalla da bayani, Injiniya. Ƙaramar ba ta da wuya. Raba-daidai ya dace da ita, domin abu ɗaya take kasawa kowa ya samu irin na ɗan'uwansa, kuma ginin kalmar irin na raba-gardama ne, kunne ya saba da shi. Babbar kuma ina ba da shawarar mararraba: hanyoyi huɗu sun haɗu, kowane ɗaki ya kama tasa.

Mai Kayan Wuta, Tsohuwar Kasuwa:
Allah shi gafarta Malam, mararraba na da daɗin faɗi, amma a shago za ta mai da mu gidan jiya. Tushenta raba ne. Yaro zai zo ya ce a ba shi ta rabawar nan, mai shago ya miƙa masa ƙaramar. Ana son suna biyu da ko a waya mai ƙarancin sabis ba za a rikita su ba.

Dattijo, Gawon Nama:
Tunda zaɓi take yi wa kowa, me zai hana mazaɓa?

Malamin Hausa, Runjin Sambo:
Baba, 'yan siyasa sun riga mu. Mazaɓa ta ɗan majalisa ce, akwatin zaɓe kuma kowa ya san inda ake kai shi. Amma maganar mai shago gaskiya ce, na janye mararraba. Hausa na raɗa wa kaya suna da jimla guda in aikinsu ya fi siffarsu muhimmanci, dubi dafa-duka, a-kori-kura, ka-fi-zabo. A kan wannan sai in ce kowa-da-nasa. Maigidan da bai taɓa ganin akwatin ba ma zai gane abin da yake biya.

Mai Dish, Mabera:
Ya zauna a baki, Malam. Tambaya ɗaya: ido mai baki huɗu na Quad shi ma kowane ɗaki da nasa yake bayarwa, ba tare da akwati ba. Ba za a rikice ba?

Injiniya, Arkilla:
Ba a rikicewa in an ce akwatin kowa-da-nasa. Wancan ido ne, a kira shi ido mai baki biyu, mai huɗu ko mai takwas. Gidan da ɗakunansa ba su wuce huɗu ba, shi ya fi sauƙi: kowane baki waya guda kai tsaye zuwa risiba guda, ba adafta, ba akwati. Inda ake faɗawa rami shi ne Quad da Quattro, don a ido kamarsu ɗaya. Ka kai Quattro kai tsaye ɗakuna, kowane ɗaki kashi ɗaya cikin huɗu zai samu. A karanta kwali kafin a bar shago.

Ga lissafin gida mai ɗaki shida kan tauraro guda. Ido Quattro 1, akwati mai lamba 5x8 (bakin shiga biyar, na fita takwas), risiba 6. Waya RG6: huɗu daga dish zuwa akwati, a ce mita 10 kowace, sai shida zuwa ɗakuna, a ce mita 20 kowace, jimla mita 160. Kan waya na F guda 20, a ƙara kaɗan don wasu na lalacewa wurin ɗauri. Kowane ɗaki wayarsa ita kaɗai tun daga akwati, ba haɗi a hanya. Wayoyin ido huɗun a naɗa musu salatif kala daban-daban kafin a sauko daga tsani, don bakunan na da alama, VL, VH, HL, HH, wato kashi huɗun nan, kuma dole kowace ta shiga gurbinta. In biyu sunka sauya wuri, rukunin tashoshi biyu za su ɓace a dukan ɗakuna lokaci ɗaya, mutum shi yi ta juya dish a banza. Baki na biyar na eriyar tashoshin gida ne, irin su NTA. A cikin risiba a sa LNB kan 9750/10600, sautin 22 kan Auto. Mai son taurari biyu, misali Nilesat da Badr, sai akwati 9x8, ido biyu, wayoyi takwas, a ba kowane tauraro lambarsa ta DiSEqC, wato tsarin da risiba ke zaɓen tauraro da shi, a cikin risiba.

Mai Kayan Wuta, Tsohuwar Kasuwa:
A ƙara da maganar waya, don nan ake yawan cutuwa. Mai araha zuciyarta ƙarfe ce da aka shafa wa jan ƙarfe. Ka sa mata maganaɗisu, in ya kama ka san ita ce. A gajeren zango tana aiki, amma in tafiya ta yi tsawo bolt 18 na raguwa a hanya, akwati ta ɗauka 13 aka turo, ɗakin da ya fi nisa ya rasa tashoshin kwance shi kaɗai. Wadda za ta sha rana a sa baƙa. Farar waya kuwa, ranar Sakkwato na gasa ta ta tsattsage, ruwan damina ya bi ta ciki. Wurin ɗaure kai kuma, ko gashi ɗaya na ragar waya ya taɓa zuciyar, shot ne, risiba ta daina ba ido wuta. A cire komai daga soket kafin a taɓa.

Mai Sola, Minannata:
Abu biyu daga ɓangarenmu. Yawancin akwatunan nan na da adaftar wuta tasu. In aka jona ta a layin NEPA kaɗai, ɗakuna kuma suna kan inbata, da an ɗauke wuta talabijin na kunne amma ba sigina ko'ina. A ɗora ta kan layin da ba ya yankewa. Na biyu, kada a ɓoye ta cikin silin ƙarƙashin kwano. A watan Afrilu zafin gari na haura digiri 40, na cikin silin ya fi haka nesa. Bango mai inuwa da iska, inda hannu ke kai wa, kuma a haɗa mata wayar ƙasa saboda tsawa.

Dattijo, Gawon Nama:
Injiniya, kar sunan ya sa mutane su ɗauka kuɗin wata ɗaya zai wadaci kowa.

Injiniya, Arkilla:
Gaskiya ne, Baba. Sigina take rabawa, ba biyan kuɗi ba. Tashoshin kyauta kowace risiba ta kama abinta. Na DStv kuwa kowace dikoda da rajistarta, sai dai a yi tsarin XtraView da ke haɗa har dikoda uku kan biya guda da ɗan ƙari a wata, Explora kuma na son nata ido, Smart LNB. Wanda hoto guda yake so a ko'ina, risiba ɗaya da raba-daidai na HDMI sun ishe shi, amma rimot na hannun mutum guda.

Mai Dish, Mabera:
To a takarda zan riƙa rubuta raba-daidai ga ƙaramar, akwatin kowa-da-nasa ga babbar, da lambarta a gefe, 5x8 ko 9x8, don mai shago ya san girman da ake nema. Saura ɗan sauyin nan na DiSEqC mai haɗa dish huɗu kan risiba ɗaya, Malam. Yara na ce masa daisek, ko a bar shi haka?