Idon karena ya fara hazo: shin abinci da ƙwayoyin bitamin za su gyara shi?

Mai tambaya, Barnawa:

Assalamu alaikum. Ina da karen gadi da ya shekara 9 a gidana, kuma tun shigowar hunturun bana na lura idanunsa biyu sun yi hazo mai shuɗi-shuɗi, musamman idan hasken fitila ya faɗa musu. Da rana yana zirga-zirgarsa yadda ya saba, amma bayan magariba sai ya riƙa ɗari-ɗari wajen sauka daga matakala. Abincinsa ragowar na gida ne, tuwo ko shinkafa da miya, wani lokaci da ƙashi daga wajen mahauta. Wani mai sayar da kayan dabbobi ya nuna mini ƙwayoyin bitamin da na man kifi, ya ce wata biyu sun isa su wanke idon tas. Wannan kare ya tsare mini gida shekara da shekaru, ba na so in zuba ido ya makance a hannuna. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Mai kiwon karnuka, Rigachikun:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar ƙwaya, a fara gyara kwanonsa. Miyarmu ba ta rabuwa da albasa, sau da yawa har da tafarnuwa, kuma dukansu suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare a hankali, ko da an dafa su. Inabi ma, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe masa ƙoda. Ni nakan ɗebi rabonsu kafin a zuba miya.

Abin da ido ke buƙata yana nan a kasuwarmu. Hanta ce kan gaba wajen bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, sai dai kaɗan ake ba da ita, kada ta wuce kamar kashi 5 cikin 100 na abincinsa, domin yawan wannan bitamin yana taruwa a jiki ya zama cuta. Jikin kare yana iya sarrafa karas, kabewa da dankalin Hausa ya fitar da bitamin A daga cikinsu, abin da kyanwa ba ta iyawa, amma a dafa a murƙushe, in ba haka ba yadda suka shiga haka za su fita. Ina ƙara musu dafaffen ƙwai, ɗan alayyahu, da kifin titus ko sadin da aka zare wa ƙaya sau biyu a mako.

Likitan dabbobi, Kawo:

Alhaji mai kiwo ya yi gaskiya a kan abinci, kuma man kifi yana ɗauke da sinadarin DHA wanda bangon bayan ido mai karɓar haske ya dogara da shi. Amma, Malam, dole in faɗa maka a fili cewa babu ƙwayar bitamin da ke wanke yanar ido idan ta riga ta kama. Tiyata ce kaɗai ke cire ta. Abinci riga-kafi ne da tallafi, kuma abin da ya fi damuna shi ne watanni biyun da za a ɓata ana jiran ƙwaya ta yi aiki.

Hazo a idon kare ba abu ɗaya ba ne. Daga shekara 7 zuwa sama, madubin da ke cikin idon yawancin karnuka yana yin tauri ya koma shuɗi-shuɗi, kuma wannan tsufa ne kawai, kare yana ci gaba da gani. Bayaninka ya fi kama da wannan, sai dai ba a yanke hukunci daga nesa. Yanar ido kuwa fara ce kamar madara, tana tare gani, kuma mafi yawan karnuka masu ciwon sukari suna kamuwa da ita cikin ɗan lokaci, don haka ka lura ko yana yawan shan ruwa da fitsari yana kuma ramewa. A yankinmu akwai ƙarin dalilai biyu da nake dubawa kafin komai: cutar da kaska ke sakawa a jini, wadda ke kumbura cikin ido, da sammore, da ƙudan tsando ke yaɗawa, wanda ke mayar da gaban idon kare fari tare da zazzaɓi. Ba banza aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta ƙasa a nan Kaduna ba. Gwajin jini ne ke bambance su, kuma idan abin ya fi ƙarfin asibitocin cikin gari, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Idan an duba an ga ya dace a ba shi man kifi, nauyinsa ne zai nuna adadin. A guji haɗa man hantar kifi da hanta da ƙwayar bitamin a lokaci guda, kuma a duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar.

Uwargida, Unguwar Rimi:

Ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka ɗiga masa maganin idon mutane. Bara ƙurar hunturu ta sa idon karenmu ja da kwantsa, na ɗiga masa ragowar na yarana, ashe akwai ƙujewa a gaban idon, kuma maganin irin wanda ke hana rauni warkewa ne. Kafin mu kai shi asibiti ciwon ya yi zurfi, har yau tabon yana nan. Yanzu tafasasshen ruwa da ya huce da auduga mai tsabta kawai nake goge masa kwantsa da su.

Mai tambaya, Barnawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, maganar shan ruwa ta tayar mini da hankali, domin kwanakin nan sau biyu ake cika masa bokiti a yini, ni kuwa na ɗauka bushewar iska ce. Na fasa sayen ƙwayoyin, an kuma daina zuba masa miya tun daren jiya. Gobe da safe, in Allah ya yarda, zan kai shi a auna masa sukari a duba jininsa.