Dan Allah a ba ni shawara, Cronstedt ko Scheele? Litinin za mu gabatar

Ummi: Salam 'yan uwa. Wallahi kaina ya kulle. Malaminmu na ilimin ma'adinai ya ce a zaɓi tsohon masanin Suwidin ɗaya a yi bayaninsa, ni na ɗauki Axel Cronstedt, wanda ya gano nikel a 1751 daga dutsen mahaƙar kobalt ta Los. Na gama silaid har na biya kuɗin firintin, laftof ɗin ma ta yayana ce sai dare yake ba ni ga ba wuta a unguwarmu, yanzu kuma abokiyar aikina ta ce wai mutumin ba shi da labari mu koma Scheele. In canza?

Baban Hanif: Canza kawai ƙanwata. Scheele ya samo iskar oksijin kafin Priestley, masanin Ingila, littafinsa ne ya makara sai 1777, ga kulorin a 1774. Wa ya san wani Cronstedt?

Sadiya: Ni abokan aiki ne matsalata. Bara ni kaɗai na yi komai, ranar gabatarwa yarinyar ta zo da sabon leshi ta tsaya gaba, maki ɗaya aka ba mu. Allah ya isa.

Malam Sani: Scheele mai haɗa magunguna ne fa, kwas ɗinku na duwatsu ne. Cronstedt a 1758 ya fitar da littafin da ya rarraba ma'adinai bisa sinadaran da ke cikinsu maimakon launi da siffa, kuma shi ya yaɗa gwajin dutse da bututun hura wuta. A 1756 ya gasa wani dutse ya ga yana tururi kamar yana tafasa, ziyolait ke nan. Ki sa wannan.

Ummi: Malam ai silaid ɗina sun cika, kuma na riga na buga, ba ni da kuɗin sake firintin.

Baban Hanif: Nikel ɗin nasa ma ba a yarda da shi ba, cewa aka yi gaurayen kobalt da ƙarfe da arsenik ne. Scheele dai.

Malam Sani: Bergman, wani masanin Suwidin, ya tace shi a 1775 ya tabbatar da maganar Cronstedt, Alhaji.

Baban Hanif: To ta yi Bergman ɗin mana.

Ummi: Ni fa ba zaɓina ne matsalar ba, abokiyar aikina ce ba ta ɗaga waya tun jiya. Akwai mai laftof kusa da Kabuga?