Samfurin ne ya lalace, ko zafi ne ya kashe cutar kwaɗi?

Assalamu alaikum, masana. Muna binciken cutar fatar kwaɗi da wani naman gwari mai suna Batrachochytrium dendrobatidis (Bd a taƙaice) ke haddasawa. Mukan goge ciki da ƙafafun kwaɗo da tsinken auduga, mu kai ɗakin gwaji a yi PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayoyin gadon (DNA) Bd a jikin audugar.

Samfuran lokacin sanyi sun nuna cutar, na lokacin zafi kuwa ko ɗaya bai nuna ba. Bd ya fi bunƙasa tsakanin digiri 17 zuwa 25 na ma'aunin Celsius, don haka watakila zafin ne ya rage shi. Sai dai a daji ba mu da firji, audugar takan daɗe cikin zafi kafin gwaji, don haka watakila samfurin ne ya lalace. Abin ya tsaya mini a rai, domin sakamakonmu kan sauyin yanayi ya rataya a nan.

Don Allah, ta yaya zan bambance biyun? Ajiye audugar cikin sinadarin itanol ya fi, ko busar da ita?