Aikin gida kan yaƙin Satiru, ina zan samo bayani?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu ya ba mu aikin shafi 10 kan boren Satiru na 1906, wato boren da mutanen garin Satiru da ke kusa da Sakkwato suka yi wa Turawan mulkin mallaka, ya ce kada mu kwaso daga intanet. Kwana uku ina laburare, sakin layi biyu kacal na samu. Wallahi abin ya dame ni.

Tsohon Ɗalibi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je Gidan Arewa a Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Rahotannin Turawan lardin Sakkwato suna can. Amma ki lura, bakin wanda ya rushe garin kike karantawa.

Malama Basakkwata: Gaskiya ne. Ki haɗa da hirar dattawa, 'yata. Ki rubuta ranar hirar da wurin.

Ɗalibar Tarihi: Na gode, Allah ya saka. Asabar zan tafi Kaduna.